Ramuwar Bukin Hure

A garin Anka, idan mutum ya kwanta ciwo ana kawo masa sannu, wani lokaci har da lemo a leda. Idan kuwa zai aurar da ɗa, kuɗi ake kawo masa. Hure matar Malam Muttaka ta san wannan bambanci tun kafin ta buƙace shi. Don haka ranar da likita a Sakkwato ya gaya mata sunan abin da ke cikin nononta na hagu, ta roƙi mijinta da ƙanwarta Habsu kada maganar ta wuce ƙofar gida.

Sankara ce. Aka cire nonon, aka ɗinke wurin, sannan aka ce aiki bai ƙare ba, sai an bi ta da wani magani da ake ƙarawa ta jijiya, zuwa shida, ba a tsallake ko ɗaya. Likitan yaro ne mai ladabi. Ya yi bayani a hankali, ya ce idan an cika shidan akwai kyakkyawan zato, idan an yanke a tsakiya ciwon yakan dawo da ƙarfinsa. Bai faɗi inda ake samo kuɗin ba, don ba a koya musu wannan a makaranta.

Zuwa na farko ya ci tumakin Hure da keken ɗinkinta. Na biyu ya ci gonar fadamar Malam, wadda aka jinginar wa wani mai sayen zinariya, mutumin kirki da bai taɓa riƙe fartanya ba. Na uku ya ci babur ɗin Lirwanu, ɗansu tilo, mai aiki a injin niƙan dutsen zinariya bayan gari, ya koma tafiya aiki a ƙasa. Bayan na uku, gidan ya yi fili sosai, shara ta yi sauƙi.

Maƙwabta an gaya musu hawan jini ne da ciwon suga, cututtukan da kowace dattijuwa ke da haƙƙin mallaka. Gashin kanta ya zube, ɗankwali ya rufe. Gefen hagu na ƙirjinta ta cusa tsumma a rigar ciki. Allah ya yi wa matan ƙasar nan sutura, mace na iya rasa gashi da nono guda, maƙwabta su ce ta ɗan rame.

Amma Hure ba matalauciya ba ce. Dukiyarta tana hannun mata. Shekara ashirin da wani abu ba a yi aure ko suna a danginta da ƙawayenta ba, daga Anka zuwa Gummi zuwa ƙauyukan Bukkuyum, sai ta je ta ajiye kuɗin buki a gaban uwar buki. Ƙa'idar kowa ya san ta. Abin da kika ba mace ranar bukinta, ranar naki za ta rama ta ninka, kuma mace mai mutunci takan duba zamani, ba ta rama ɗari biyun da ta karɓa lokacin da ɗari biyu ke sayen tiyar gero da ɗari huɗun yau. Rabin abin da ta kawo biyan bashi ne, rabi kuma sabon bashi ne ta ɗora miki, wanda za ki ninka mata ranar nata bukin. Haka ake ta juyawa har a mutu, ana kiransa zumunci. Matan da ke da 'ya'ya takwas suna bayarwa suna karɓa. Hure ɗa ɗaya gare ta. Ta karɓa sau ɗaya, ranar sunansa, tun daga nan bayarwa take yi.

Matsalar ita ce wannan dukiya ƙofa ɗaya gare ta. Ba a rama buki don ciwo. Sai an ɗora tukunya an kira masu kiɗa.

Ta kira Habsu da Lirwanu ɗakinta da hantsi, lokacin da Malam ya fita zaure sauraren rediyo. Ba ta kiran sunan Lirwanu, ɗan fari ne, sai dai ta ce "kai" tana kallon bango. Ta ce auren da aka sa nasa da Sahura ta Nasarawa Burkullu bayan kaka mai zuwa, a jawo shi nan da mako uku.

Lirwanu ya ce bai gama ɗaki ba, bai haɗa lefe ba. Ya kuma faɗi abin da dama ya zo da shi. Maigidansa Alhaji Sharu, mai injin, ya yarda ya ba shi albashinsa na watanni masu zuwa a dunƙule, kuma kuɗin za su kusa biyan zuwa na huɗu, wanda ranarsa ta matso.

"In an biya na huɗu, na biyar da na shida hwa?" Hure ta tambayi bango. "Mi ya rage gidanga da za a saida? Ubanka?"

Habsu ta yi dariya, ta ce ko an kai Malam kasuwa sai an haɗa wa mai saye da rediyon.

Hure ta ce kuɗin Alhaji Sharu iri ne, ba a dafa iri. A zuba su a sadaki da lefe da shinkafa, sauran a ci bashi, ranar buki su dawo da abin da zai biya zuwa uku har da kuɗin mota. Ita da Habsu suka shiga lissafin mata, gida gida, ba takarda ba biro, don babu macen da ke mance abin da ta ba wata. Ko da an cire marowata da waɗanda suka mutu, lissafin ya kai. Sharaɗi ɗaya ne, kada wata mace ta san ainihin ciwon kafin a tashi daga buki.

"Ba a ɗora ma wadda ba ta kai baɗi sabon bashi," in ji Hure. "Ni ma da ba ni ɗorawa."

Lirwanu ya ce to, Inna, yana kallon ƙasa. Iyayen Sahura suka amince ba gardama, don a shekarun nan duk mai ɗiya a ƙauye yana son ta kwana cikin gari. Sahura kanta ta gaji da jiran ɗakin da bai wuce tubali bakwai ba. Ranar zuwa na huɗu ta zo ta wuce. Wata ma'aikaciyar jinya ta kira wayar Habsu tana tambaya, Habsu ta ce hanya ce ba kyau, abin da ba a taɓa ƙaryata mutum a kansa.

Malam Muttaka ba a yi masa wannan bayani ba. Ba don raini ba. Kuɗin buki sha'anin mata ne, namiji yana ganin matarsa ta fita da mayafi mai kyau ta dawo da tuwo a kwano, a nan saninsa ya tsaya. Shi an ce masa kawai ya yi shiru, ya ɗauka kunya ce irin ta mata. Malam tsohon malamin gona ne, ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana koya wa manoma abin da ba su tambaye shi ba, ya yi ritaya da imanin cewa duk wata masifa a duniya rashin wayar da kai ne. Yana son matarsa. Yakan zauna bakin ƙofarta yana mata fifita bayan an dawo daga Sakkwato tana amai. Da ya ga an tsallake magani ana auna shinkafar buki, ya gane cewa jahilci ya shigo har cikin gidansa, ya fara tunani. Duk wanda ya san Malam ya san wannan ba alheri ba ne.

Gayyata Hure da kanta ta yi, don mace da aka aika wa yaro da alawa ba ta zuwa da hannu mai nauyi. Ta sa lalle, ta zizara kwalli, ta gyara tsummanta, ta bi gidajen Anka. Sannan ta hau mota zuwa Gummi wurin Hajiya Dije, babbar ƙawarta, dillaliyar atamfa, wadda ita kaɗai ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lissafin. Hure ta yi mata buki sau biyar, na ƙarshe bara, da kuɗin rago sukutum.

Dije ta tarbe ta da guɗa, ta kama ta ta rungume. Hure ta ba da gefen dama.

"Ke ƙawa, mi ka cin ki haka? Ko Malam ya koma koya miki noma maimakon cefane?"

Hure ta ce suga ne, likita ya hana ta tuwo da fura, ya bar mata ganye kamar akuya. Dije ta ce ai gara haka, ita ga ta nan ƙiba ta hana ta ruku'u. Aka kawo nama, Hure ta tauna yanka biyu ta haɗiye da ƙarfin hali, ta riƙe su a ciki har ta fita gidan. Dije ta yi murna ƙwarai da wannan aure. Tana da 'yan mata uku a ɗaki da suka isa aure, kuma mace irin Hure, mai ɗa guda da ba ta da sauran bukin da za ta kira, ba a samun wurin ajiya da ya fi ta. Ta ce za ta zo da mota cike da matan Gummi, kuma za ta ajiye abin da za a yi shekara ana labari.

Hure ta yi amai a bayan tasha, ta kurkure baki, ta dawo gida da farin ciki.

Ɗaurin aure ran Asabar ne, bukin mata ran Lahadi. Ran Juma'a, bayan an sallame, Malam Muttaka ya miƙe a sahu na biyu ya roƙi liman ya ba shi abin magana. Ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya wayar da kan jama'a. Ya faɗi sunan ciwon da Hausa da Turanci. Ya faɗi abin da aka yanke da gefen da aka yanke. Ya faɗi gonar da aka jinginar da babur da tumaki. Ya ce ɓoye ciwo shi ke kashe matanmu. Da ya ga mutane sun yi tsit, abin da bai taɓa samu daga manoma ba, ya ƙara da abin da likita bai faɗa ba, ya ce idan ba a samu kuɗin nan ba iyalinsa ba za ta ga damina ba. Muryarsa ta karye a nan, kuma da gaske ta karye. Lasifikar masallacin sabuwa ce, wani ɗan siyasa ya saya, tana kaiwa har bakin kasuwa. Wani saurayi mai tausayi ya ɗauka a waya ya tura wa jama'a don a samu lada. Kafin la'asar jawabin ya isa Gummi, ba ko kuɗin mota.

Aka zagaya da hula. Jama'a suka ba da abin da ke aljihunsu bayan sun ba almajiran bakin ƙofa, liman ya yi doguwar addu'a.

Malam ya shigo gida da hular a hannu. Hure tana tsakar gida kan tabarma, mata biyu da ke taya ta tsintar shinkafa sun riga sun tuna da wani aiki a gidajensu sun fita. Habsu tana tsaye jikin rumbun da ba kome cikinsa. Ya ajiye hular gaban matarsa, ya ce ta gani, Musulmi 'yan'uwan juna ne, magana kawai ake jira a yi musu.

Hure ta dubi hular. Kuɗin ciki za su kai ta Sakkwato su dawo da ita, idan ba ta sha ruwa a hanya ba.

"Malam, ka ce ba ni ganin damina?"

Ya ce salon magana ne, idan ba a girgiza mutane ba ba su motsi.

"Sun motsa," in ji ta. Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Habsu ce ta so yin magana, Hure ta ɗaga mata hannu. Shinkafa an riga an auno, sa an riga an yanka an raba da wani maƙwabci, rumfa an kafa. Ba a fasa buki don uwar ango za ta mutu. An ma fi zuwa.

Kuma an zo. Tsofaffin unguwa sun ce ba su taɓa ganin taron mata irin na ran Lahadin nan ba. Har waɗanda ba a kai wa alawa ba sun zo, don a gan ta. Da can al'ada ita ce uwar ɗan fari ta ɓuya a ɗakin maƙwabta don kunya, Hure ta ajiye wannan al'ada ta zauna tsakiyar ɗakinta cikin leshi, tasa a gabanta, Habsu a gefe, Inno sanƙira a bakin ƙofa don ta riƙa shelar abin da kowace ta ajiye. Mata suna shigowa, idonsu ya fara sauka a gefen hagu na ƙirjinta, sannan su ce ina gajiya.

Ta farko maƙwabciya ce, Zinatu. Ta durƙusa, ta kama hannun Hure ta yi kuka mai kyau. Sannan ta kwance bakin zane ta fito da naira ɗari biyar. Ta ce ranar sunan ɗanta na biyu, wanda yanzu yake da gemu, Hure ta ajiye mata ɗari biyar, ga su nan, ta sauke nauyi, su yafi juna duniya da lahira. Inno ta buɗe baki za ta yi shela, ta dubi kuɗin, ta rufe.

Haka aka yi ta yi. Babu wadda ta ci amana. Wannan ne ma abin da ya fi ba Habsu haushi daga baya, don ba ta samu ko mutum ɗaya da za ta zaga da hujja ba. Kowace mace ta tuna daidai abin da ta karɓa, ta kawo shi daidai, don bashin mamaci abu ne mai nauyi, babu mai son a tsayar da ita a kansa ranar gobe. Sai dai babu wadda ta ninka, babu wadda ta duba zamani. Wata daga Adabka ta ce har malami ta tambaya, ya ce bashi yadda aka karɓe shi ake mayar da shi, ƙari riba ne, ita kuwa ba za ta sa wa marar lafiya haram a ciki ba. Wata ta dawo da kwanonin da Hure ta ba ta ranar auren ɗiyarta, a cikin kwalinsu, ba a taɓa ci a ciki ba. Wasu tsofaffin takardun kuɗi sai da Habsu ta ɗaga su a haske ta ga ko har yanzu ana karɓarsu. Kowace ta ƙara da magani. Akwai mai ganyen da ake jiƙawa, akwai mai wani malami a Bukkuyum da ya warkar da wata mata wadda aka yanke wa duka biyu. A waje ana kiɗa, ana ɗibar shinkafa, har da ta tafiya gida a leda.

Hure tana cewa na gode, Allah shi bar zumunci. Ba ta tsallake kowa ba.

Hajiya Dije ta iso bayan azahar da motarta cike da matan Gummi, kamar yadda ta yi alkawari. Ta shigo ɗakin ba guɗa. Ta zauna kusa da Hure, wannan karon a gefen hagu, ta daɗe tana share ido da bakin mayafi. Ta ce ta ji zafin ɓoye mata da aka yi, ita da suka yi 'yan matanci tare, a ce sai a waya za ta ji, cikin muryar namiji. Sannan ta fito da kuɗin ragon bara, cif, ta sa a tasa. Ta ɗora kwalbar zamzam da dabino a kai.

Hure ta yi abin da ba a yi. Ta yi magana a kan kuɗin buki a gaban mai bayarwa.

"Dije, ki cika mani. Magani uku ya rage. In na tashi ni rama miki, ɗiyanki uku dut ina nan."

Inno sanƙira ta juya tana kallon tsakar gida.

"In kin tashi, ƙawa," in ji Dije a hankali. "Allah shi tashe ki. Amma kin san kuɗɗin buki ba nawa ba na ni ɗai, juyawa sukai. Wa za shi rama? Habsu na da nata. Amarya yau za ta zo, ba ta san kowa ba." Ta matse hannun Hure. "Ba ni son in ɗora miki nauyin da za ki kwanta da shi. Don Allah na yi miki haka."

Hure ta ce gaskiya ne. Ta ce a zuba wa matan Gummi abinci, sun sha hanya.

Da magariba aka kawo amarya. Aka shigo da Sahura ta gaida uwar miji, fuska a rufe, ta durƙusa. Hure ta sa mata albarka. Yarinyar ta ji jawabin ita ma, a wayar yayanta, ta san ɗakin da aka kawo ta da kuma aikin da ke jiranta cikinsa. Ta yi kukan da amare ke yi, ya ɗan fi tsawo.

Da safe, kafin a gama wanke tukwane, mai shinkafa ya yi sallama. Da shi da mai rumfa da maƙwabcin da aka raba sa da shi duk sun yarda a baya su jira har kaka, amma su ma suna sallar Juma'a. Suka ce ba don kome ba, sai don kada abu ya faru magana ta rikice. Malam Muttaka, wanda bai taɓa kwana da haƙƙin wani ba, ya shiga ya karɓo tasar ya sallame su a zaure, suka yi masa addu'a. Lirwanu ya tafi aiki da sassafe washegarin aurensa, don watanninsa masu zuwa na Alhaji Sharu ne, an riga an ci su da miya.

Abin da ya rage a tasa, da na hula, da kuɗin kwanonin da Habsu ta sayar, ya kusa kuɗin magani ɗaya. Habsu ta cika da 'yan kunnenta.

Suka bi ta Mafara zuwa Sakkwato, su biyu. Likitan ya gane ta. Ya yi mata faɗa cikin ladabi a kan jinkiri, ya tambaye ta tun yaushe bayanta ke ciwo, da tun yaushe take wannan tari. Ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ta riƙe numfashi, ya dube ta ya ce ta saki. Ya ce ba zai sa mata magani na huɗu haka nan ba, sai an yi hoto da gwajin jini an ga inda aka kwana. Idan abin da yake zato ne, maganin da ake yi mata a da ba zai yi ba, sai wani, wanda ya fi shi tsada, kuma shi ba a cewa shida, sai yadda hali ya yi.

Hure ta tambayi kuɗin hoton. Ya faɗa. Ya kusa cinye abin da ke ƙulle a zanen Habsu.

Suka fito suka zauna a benci cikin masu jira. Habsu ta ce a yi hoton, Allah na nan, a koma gida a sake nema. Hure ta tambaye ta a wurin wa. Habsu ta fara kiran sunaye, ta kira biyu ta tsaya, don duk sun biya jiya-jiya, babu macen da Hure ke bi ko sisi a faɗin ƙasar Zamfara.

Hure ta tashi ta koma wurin ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa kiran waya. Ta tambaye ta ko akwai maganin da ba ya warkarwa, ciwo kawai yake kwantarwa, mutum ya samu barci. Matar ta ce akwai. Ta tambayi kuɗinsa na wata guda. Da ta ji, ta yi lissafi a ka, ta ga karo na farko tun da aka fara wannan tafiya kuɗinta sun fi ƙarfin abin da take son saye. Likita ya so ya yi gardama, ya dubi fuskarta, ya rubuta.

A tasha, suna jiran mota ta cika, ta sayi rake ta ba Habsu.

"In munka isa, ki ce likita ya ce na gama. Ukun da anka yi sun isa, waɗanga ƙwayoyi na ƙarin ƙarfi na."

Habsu ta ce ba za ta iya ba.

"Kina iyawa. In ba haka ba yaron nan shi saida shekara biyu gaba, Malam shi saida gidan. Ki bar ma yarinyar mutane inda za ta zamna."

Habsu ta faɗa, kuma ta faɗa da kyau, a tsakar gida, tana kallon rumbu. Lirwanu ya dubi uwarsa, ita tana kallon bango kamar kullum. Sahura ta karɓi ledar magani ta kai ɗaki.

Malam Muttaka ya yi sujada a nan inda yake tsaye. Da ya ɗago ya ce dama ya faɗa, ciwo idan an fito da shi fili an gama da rabinsa. Ya fita ya ci bashin zakara a wurin maƙwabci, ya yanka, Sahura ta yi farfesu. Aka kai wa Hure nata a kwano, da cinya da hanta. Ta ɗaga murfin ta mayar.

Malam ya ce ba kome, maganin asibiti haka yake, yana ɗauke cin abinci, zai dawo a hankali. Ya jawo kwanon gabansa don kada a yi asara.